Baba ya daina fita: tsufa ne ko unguwa?

Ɗan'uwa, ka ce tun da kuka ɗauko Baba daga cikin birni zuwa sabon gida a bayan gari ya daina fita, kana tambaya ko tsufa ne. Ni dai unguwar zan fara zargi kafin shekarunsa.

A cikin birni dattijo ba ya cewa zai motsa jiki. Masallaci sau biyar a ƙafa, daga nan hira a kan dakali, ya leƙa gaisuwar mutuwa a lungun baya, ya tsaya sayen goro. Duk tafiya ce, kuma ko'ina ya bi akwai mai gaishe shi. Sabuwar unguwa kuwa doguwar katanga ce da get, ba inuwa, ba wurin hutawa, kwata a buɗe, 'yan adaidaita sahu na wucewa a guje. Mai ciwon gwiwa da ya taɓa zamewa a irin wannan hanya, tsoron faɗuwa kaɗai ya isa ya zaunar da shi.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu shekara 65 zuwa sama shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Jika ya riƙa raka shi masallaci da la'asar da magariba, a ajiye masa benci a ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida, a rufe kwatar. Idan yana haki ko jiri, a fara kai shi asibiti tukuna.