Amsa: Ta ina mai son rock zai fara da kiɗan kilasika?

Ɗan'uwa, ka ce tun tasowarka rock kake ji, yanzu ranka na son kiɗan kilasika, wato tsohon salon kiɗan Turawa da tarin makaɗa ke kaɗawa tare, amma ka rasa ta inda za ka kama. Ni ma ta wannan ƙofar na shigo.

Kada ka fara da masu sanyi, za su gundure ka. Nemi simfoni ta 5 ta Beethoven, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, wadda aka fara kaɗawa a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1808. Simfoni dogon kiɗa ne da ake rabawa kashi-kashi. Sauti huɗu ne ke buɗe ta, uku gajeru, ɗaya dogo, kuma su yake ta juyawa har ƙarshen kashin farko, kamar yadda mai jita ke kama ɗan gajeren kiɗa ya gina waƙa sukutum a kansa. Kunnenka ya riga ya san wannan dabarar. Ranar da na gane haka, wallahi tsigar jikina ta tashi.

Daga nan sai The Rite of Spring, kiɗan wasan rawa na Stravinsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha. Da aka fara nuna shi a Faris a 1913, 'yan kallo har hayaniya suka yi. Masu goge ne ke dukan kiɗan kamar ganguna.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ƙarar sauti. Rock yawanci ƙararsa ɗaya ce, wannan kuwa yakan yi ƙasa kamar raɗa, sannan ya fashe. A mota rabinsa ɓacewa yake. Sa abin kunne, zauna wuri shiru, ka maimaita kashi guda sau uku kafin ka wuce gaba.