Amsa ga mai tambayar rina zare da ɓawon albasa da fure

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce zafi ya hana ki riƙe ulu a cinya, kina kuma son sanin ko da gaske ana rina zare da ɓawon albasa da furanni. Da gaske ne, kuma lokacin zafi ya dace da aikin, don zare yana bushewa da wuri. Ni a 'yan makonnin nan na ajiye manyan saƙa. Ƙananan abubuwa kawai nake yi da kwarashi da zaren auduga, kamar tsumman ɗaukar tukunya, sauran lokacin kuma rini nake yi don sanyi ya same ni a shirye.

Kafin komai ki gwada zarenki. Yawancin abin da muke kira ulu na roba ne, kuma ba ya shan irin wannan rinin. Ki yanki ɗan guntu ki sa masa ashana. Idan ya yi warin ƙonannen gashi ya zama toka mai murmushewa, na tumaki ne. Idan ya narke ya dunƙule ya yi tauri, roba ce. Karon farko ban san haka ba, na yini a bakin murhu, ina ɗauraya launin ya bi ruwa, zare ya fito fari fat. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Sai alif, shi ke sa launi ya kama. Giram 10 ga zare giram 100. Ki narkar da shi, ki sa zaren da kika riga kika jiƙa, ya yi awa ɗaya a wuta kaɗan-kaɗan. Kada ya tafasa, wajen digiri 80 ya isa. Ni da na ga tururi da ƙananan kumfa a gindin tukunya sai in rage wuta. Kuma kada ki tsamo shi daga ruwan zafi ki jefa a na sanyi, ko ki riƙa juya shi da ƙarfi, zai cukurkuɗe ya zama kamar bargo. Ki bar shi ya huce a cikin ruwansa.

Ɓawon albasa kuwa, duk girkin da na yi sai na zare busasshen na sama na jefa a wata jakar takarda da ke rataye kusa da murhu. Nakan dafa shi awa ɗaya, in tace, sannan in sa zaren da ya sha alif a ruwan. Launin da yake bayarwa tsakanin ruwan ɗorawa da ruwan zuma yake, kuma ni ya fi mini komai kyau. Furen marigol, wani furen ado mai launin ruwan ɗorawa ko na lemo, ya fi shi haske. Nakan tsinki waɗanda suka fara yaushi, nauyinsu aƙalla ya kai na zaren, masu kyan kuma in bar su a kwalba a kan tebur. Tukunyar baƙin ƙarfe tana duhunta launi ya karkata zuwa kore.

Auduga ta fi taurin kai, launinta yakan fito a koɗe, don haka ki fara da ulun tumaki.

Don Allah ki ware tukunya da cokali na rini kaɗai, kada su koma girki. Ki shanya a inuwa. Nawa ƙulli huɗu suna rataye yanzu, biyu na albasa biyu na fure, hula da safar yara zan fara da su. Idan kin gwada ki turo mana hoto mu gani.