Wai da gaske Superman ya sauya hali?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ƙanina ne ɗan shekara 12 ya nace wa littattafan zanen nan na su Superman da Deadpool, to a makaranta na ji ana cewa wai yanzu Superman maza yake so, gaskiya ne? Shi kuma Deadpool ɗin na ga sai kashe mutane yake yana barkwanci, akta ne ko bos? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikissalam ƙanwata. Labarin an ɗan ƙara masa gishiri. Superman na asali, Clark Kent, da aka fara buga labarinsa a 1938, yana nan da matarsa Lois Lane, ɗansu Jon Kent ne da ya gaji sunan Superman, shi ne kamfanin DC mai buga littattafan ya sanar a 2021 cewa yana son maza yana son mata, shine labari ya bi gari ba a raba uba da ɗa ba.

Kuma fa rigimar ba yau ta fara ba, tun 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Fredric Wertham, ya ce zaman Batman da yaron da ke taimaka masa, Robin, gida ɗaya akwai lauje cikin naɗi, cece-kuce kan littattafan zane ya kai har kwamitin majalisar dattawa ya zauna, kamfanoni suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tacewa, sai ga shi a 1956 an ƙirƙiro Batwoman mai son Batman. Abin mamaki, ita ɗin da aka sake fito da ita a 2006 mata take so.

Deadpool kuwa ba akta ba ne ba bos ba, irin jaruman nan ne da ke yaƙar mugaye da muguwar hanya. Kafin shi akwai Punisher na 1974, tsohon soja da gungun 'yan daba suka kashe masa mata da 'ya'ya, shi babu maganar kotu, harsashi kawai, alhali Batman kamawa yake ya miƙa wa 'yan sanda. Gaskiya ni wannan ya fi damuna ga yaro ɗan 12, dan an tsara labarin ne yadda mai karatu zai riƙa tafa wa mai ɗaukar doka a hannunsa. Fim ɗin Deadpool na 2016 ma a Amurka wanda bai kai 17 ba ba ya shiga sai da babba.

Ki riƙa duba bangon littafin, suna buga alamar shekarun da ya dace da su a jiki. Na Deadpool dai ki ajiye masa tukuna.