Amsa: Kama haya a Kaduna ba tare da mai tsaya maka ba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kai ɗan kasuwa ne marar takardar albashi, kuma dillali ya ƙi ba ka gida sai ka kawo ma'aikacin gwamnati ya tsaya maka. Irin wannan sharaɗi ya fi yawa a Malali, Unguwar Rimi da Barnawa, inda lauyoyi da kamfanonin dillanci ke kula da gidaje. A Tudun Wada, Rigasa ko Badarawa kuwa, sau da yawa mai gidan kansa ake gani, kuma abin da ya fi damunsa shi ne kuɗin shekara su cika a hannu, sannan ya san halin wanda zai shigo masa gida.

Saboda haka ka nemi mai unguwa, ko limamin masallacinku, ko shugaban layinku na kasuwa ya raka ka, domin shaidarsu tana da nauyi ƙwarai. Ka tafi da katin shaidar ɗan ƙasa (NIN) da bayanin asusunka na banki na wata 6. Lokacin da na kama ciki da falo a Kawo, rasit-rasit na tsohon gidana ne suka gamsar da dattijon mai gidan, wanda ya sa tabarau ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Amma don Allah kada ka ba dillali ko sisi kafin ka ga mai gida ido da ido, a rubuta yarjejeniya da shaidu.