Daimon ɗin da ake haɗawa a masana'anta jabu ne?

'Yar'uwa, kin tambaya ko arahar daimon ɗin masana'anta na nufin jabu ne. A'a. Sinadarin kabon ne, daidai da wanda ake haƙowa a Botswana, taurinsu da walƙiyarsu ɗaya. Ko gwanin dillali sai da na'ura yake bambance su. Arahar ce ta ja masu sayen zoben aure a Amurka, har kamfanin Pandora, mai sayar da kayan ado, ya sanar a 2021 cewa zai daina amfani da na haƙa.

Amma don Allah kada ki ɗauke shi kamar zinaren da muke ajiyewa don ranar buƙata. Farashinsa sai faɗuwa yake, saboda masana'antun Indiya da Sin suna ta kwararo shi kasuwa. In don kwalliya ne, ki saya, ki karɓi takardar shaidar IGI, wato cibiyar da ke tantance ingancin duwatsu masu daraja.