Sinadarin da ya kashe ƙwayoyin sankarar jini a ɗakin gwaji: in dakatar da kemo?

Tambaya: Likita, ɗana yana wata na takwas a kan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, saboda sankarar jini nau'in ALL, kuma yana jigata ƙwarai. Na karanta cewa masana sun harhaɗa wani sinadari da ya kashe ƙwayoyin cutar a ɗakin gwaji, har wani ya ce zai samo mini shi ta intanet. In dakatar da kemon in gwada wannan?

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya ba yaron lafiya, amma kada ki dakatar da kemon ko na mako guda sai da umarnin likitansa.

Kusan kullum sai an nuna mini irin wannan labari, kuma na gaji da masu yaɗa shi. Ƙwayoyin da ake zuba wa sinadarin, irin su K562 da aka samo daga wata mai sankarar jini nau'in CML a 1970, a cikin farantin roba ake renonsu, inda babu hantar da za ta wargaza maganin, babu ƙodar da za ta fitar da shi, babu lafiyayyen ɓargon da zai ƙona. Ko bilic aka zuba musu za su mutu. Abin da gwajin bai nuna ba shi ne ko sinadarin zai ƙyale ƙwayoyin jini masu lafiya, ko zai isa ɓargo da ƙarfinsa, ko zai kai ruwan ƙwaƙwalwa, inda ALL kan ɓuya. Ko cikin magungunan da suka wuce gwajin ɓeraye suka kai ga mutane, wajen 9 cikin 10 ba sa samun amincewa.

Imatinib ma, maganin sankarar CML wanda likita Brian Druker ya nuna ƙarfinsa a faranti a 1996, sai 1998 aka fara ba majiyyata, hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2001, kuma wannan ana kallonsa a matsayin sauri.

Mai tallan nan bai san adadin da yaro zai iya ɗauka ba, tunda su kansu masu binciken ba su sani ba tukuna. Kemon ALL kan ɗauki shekara 2 zuwa 3, kuma inda ake kammala shi da cikakkiyar kulawa, kusan yara 9 cikin 10 suna rayuwa. Idan aka katse cutar ta dawo, maganinta ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Ki kai wa likitansa sunan sinadarin ya duba ko an yi masa rajistar gwaji a kan mutane, sannan ki zayyana masa wahalar da yaron yake sha, domin amai da ciwon baki suna da magani.