Takardar gwamna na hannuna, su kuma sun zo da lasisin Abuja

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina da gona da muka gada daga mahaifinmu, kuma shekaru tara da suka wuce na bi duk matakai na karɓi takardar shaidar mallaka mai sa hannun gwamna. A watan jiya wasu mutane suka zo suka kafa turaku a gefen gabas, suka ce kamfaninsu yana da lasisin haƙar ma'adinai daga Abuja. Ban san su ba, ban sa hannu a kan komai ba. Gwamnanmu kuwa ya taɓa sanar da hana haƙar ma'adinai a faɗin jihar. A ganina, tunda ƙasa a hannun gwamna take kuma shi ya ba ni, abin da ke cikinta nawa ne. Ina so in kai ƙara Babbar Kotun Jiha a soke lasisin nan. Ina mafita?

Amsa: Malam, sannu da haƙuri. Ban ga takardarka ba, ban ga tasu ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne a kan yadda doka take, ba hukunci a kan gonarka ba. Amma akwai inda lissafinka ya kuskure, kuma gara ka ji shi daga bakina yanzu da ka ji shi daga bakin alƙali bayan ka kashe kuɗi.

Gaskiya ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, ya riƙe su amana domin jama'a. Sai dai abin da gwamna ya ba ka izinin zama ne da amfani da doron ƙasa: ka noma, ka gina, ka bar wa magada. Ma'adinan da ke ƙarƙashi bai ba ka su ba, domin shi ma ba nasa ba ne. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk wani ma'adini, man fetur da iskar gas, ko a cikin ƙasa suke, ko a ƙarƙashinta, ko a kanta. Haka nan a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, ma'adinai su ne na 39. Mutane da dama suna jin labarin Amurka, inda mai fili kan mallaki man da ke ƙarƙashin filinsa, sai su ɗauka haka abin yake ko'ina. Kowace ƙasa mai tsarin tarayya da yadda ta yi nata rabon. A Kanada larduna ne ke riƙe da mafi yawan albarkatun ƙasarsu. Nijeriya ta tattara nata a tsakiya, kuma ko gyaran da aka yi wa kundin a 2023, wanda ya buɗe wa jihohi ƙofa a harkar lantarki, jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, bai taɓa ma'adinai ba.

Daga nan za ka gane cewa sanarwar gwamna ba garkuwar da kake zato ba ce. Gwamnoni da dama sun fitar da irin wannan umarni, galibi da hujjar tsaro, ma'aikatar ma'adinai ta tarayya kuma ta sha nanata cewa ba su da wannan hurumi. A fahimtata, gwamna ba zai iya soke lasisin da ba shi ya bayar ba, kuma sashe na 4(5) na kundin ya ce idan dokar jiha ta ci karo da ingantacciyar dokar tarayya, ta tarayya ce ke tsayawa. Ka lura cewa haramcin da aka sa a Zamfara a 2019, wanda aka ɗage a ƙarshen 2024, Gwamnatin Tarayya ce ta sa shi kuma ita ta cire. Ba ina cewa hannun jiha a ɗaure yake ba. Tsara birane da izinin gini nata ne, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2003 a shari'ar Legas da Gwamnatin Tarayya. Takardun fili ma a ofishinta suke. Jiha na iya wahalar da mai lasisi ƙwarai. Amma rigimar iyakar ikon gwamna da na Abuja rigimarsu ce, kuma sashe na 232 ya ba su damar zuwa Kotun Ƙoli kai tsaye, damar da ni da kai ba mu da ita. Kada ka dogara da ita. Gobe suna iya daidaitawa a zama ɗaya, ba wanda zai tambaye ka.

Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaci. Dokar Ma'adinai ta 2007, a sashe na 22, ta fifita haƙar ma'adinai a kan sauran amfanin ƙasa, ta kuma ce idan aka ba da lasisin haƙa a filin da wani ke da izinin zama a kai, gwamna zai soke wannan izini cikin kwana 60. Wato gwamnan da kake ganin zai tsaya maka, shi doka ta ɗora wa aikin karɓe takardarka, idan har lasisin nasu ingantacce ne.

To, a kan wannan "idan" ɗin ƙarfinka yake, kuma a nan nake so ka zuba hankalinka.

Sashe na 100 na wannan doka ya ce idan yankin da ake nema ya haɗa da filin da wani ke riƙe da shi, sai an sanar da mai filin an kuma sami yardarsa kafin a ba da lasisi, in ba haka ba ana iya bayarwa a cire filin nasa daga ciki. Ka ce ba ka sa hannu a kan komai ba. Saboda haka ɗayan uku ne: ko gonarka ba ta cikin lasisin sun zarce iyaka, ko wani ya ba da yarda da sunanka, ko kuma ba su da lasisin ma gaba ɗaya. Na biyun shi na fi gani. Na taɓa riƙe fayil ɗin da takardar yardar cikinsa shafi ɗaya ce tak, da dangwalen yatsa uku da hatimin mai gari, ɗaya daga cikin masu dangwalen kuwa ya shekara biyu da rasuwa kafin ranar da aka rubuta a kai. Ba na zargin mutanen kamfanin nan da irin wannan, ban san su ba. Amma kamfanin da ya san aikinsa ba ya fara kafa turaku kafin ya yi sallama da mai gona, kuma wannan kaɗai ya isa a binciki takardunsu da kyau. Ka tambayi 'yan uwanka magada tukuna. Sau da yawa sai an yi nisa ake gano cewa wani ƙani ne ko ɗan baffa ya karɓi wani abu ya sa hannu.

Irin lasisin ma yana da muhimmanci. Lasisin bincike daban, shekara 3 ne da ake iya sabuntawa, kuma yana iya mamaye faɗin ƙasa mai yawa ba tare da an taɓa izinin zaman kowa ba. Babban lasisin haƙa shekara 25 ne, na ƙananan masu haƙa shekara 5. Wajibcin soke takardarka da na ambata ya shafi lasisin haƙa ne da na fasa dutse, ba na bincike ba. Lauyanka zai rubuta wa Ofishin Kadasta na ma'adinai da ke Abuja, wato ofishin da ke kula da bayar da lasisi da ajiye rajistarsu, ya nemi bayanin lasisin da kwafin takardar yarda, safiyo kuma ya ɗora lambobin iyakarsu a kan taswirar gonarka. Wannan aikin yau da kullum ne, kuma shi ne farko.

Maganar kotu kuwa, nan ma akwai gyara. Sashe na 251 na kundin ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya shari'ar ma'adinai, da kuma ƙalubalantar matakin hukumar tarayya. Neman soke lasisi can ya dosa. Amma rigimar mallakar fili da kutse a cikinsa ta kotun jiha ce. Matsalarka ta taka ɓangarorin biyu, kuma kotu za ta duba ainihin abin da ka roƙa ne don ta san ko tana da hurumi. An ce shari'a saɓanin hankali: akwai ƙararrakin da suka yi shekaru har Kotun Ƙoli, aka rushe su saboda tun farko an shiga ƙofar da ba ita ba, ba a ko taɓa gundarin maganar ba. Lauyan kamfani ya san wannan, kuma da shi zai fara. Ka ƙara da cewa ƙarar jami'an gwamnati tana da wa'adi gajere, wata uku a wasu lokuta, ko da yake akwai togaciya. Don haka ko ba za ka je kotu ba, kada ka bar kwanaki su tafi ba ka ga lauya ba.

Ko da a ce komai nasu daidai ne, ba za ka tashi hannu rabbana ba. Dokar ta wajabta wa mai lasisi biyan diyyar amfanin gona, itatuwa masu amfani, gine-gine da duk ɓarnar da aikinsa ya jawo, da kuma kuɗin hayar fili. Ana ƙiyasta diyyar ne tare da mai kimanta kadara da gwamnati ta amince da shi da kwamitin kula da albarkatun ma'adinai da muhalli (MIREMCO) na jiharku, wanda kusan shi ne teburin da tarayya da jiha ke zama tare a kan wannan harka. Minista na da ikon dakatar da lasisin wanda ya ƙi biya. Kafin a fara haƙa kuma, sai kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, a riƙa sake duba ta duk shekara 5. Abin da ba za ka samu ba shi ne kaso daga ma'adinin kansa. Harajin ma'adinin a asusun tarayya yake shiga, jihar da aka haƙo a cikinta ta karɓi aƙalla kashi 13 cikin ɗari. Kada ka bari wani ya ruɗe ka da alkawarin rabo da baki. Idan kamfani ya yarda ya ba ka wani abu fiye da abin da doka ta tilasta masa, a rubuta.

Shawarata ita ce ka jinkirta ƙara, ka fara da takarda. Bayan an gano matsayin lasisin, lauyanka ya rubuta koke zuwa Ofishin Kadasta, da kwafi ga jami'in ma'adinai na tarayya da ke jiharku, da kwamitin da na ambata, da ma'aikatar filaye. Idan ta tabbata ba a nemi yardarka ba, to kamfanin ne ke buƙatarka, domin ba mai zuba jarin da ke son lasisinsa ya kasance da tabo. A irin wannan zama kana iya neman a cire gonarka daga taswira, ko a taƙaita su a gefen gabas ɗin da suka nuna, ko a biya ka diyyar da ta dace da alkawarin cike ramuka bayan sun gama. Ka sa maganar ruwa a ciki, musamman idan akwai rijiya ko rafi kusa. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje ta fito, kuma ba diyyar da ke mayar da irin wannan asara. Idan sulhu ya ƙi, ko suka shigo da injina ana tsakiyar magana, sai a nemi umarnin kotu na dakatar da su, kana riƙe da shaidar cewa ka bi kowace hanya.

Kafin nan, ka ɗauki hoton turakun da amfanin gonar yadda suke yau, da kwanan wata, ka ƙirga itatuwanka a gaban shaidu. Kada ka tuge turakun, kada ka tara matasa su tare hanya, domin nan take maganar za ta koma ta laifi, kai ne kuma za a tuhuma. Kada kuma ka ce bari ka riga su haƙa: haƙar ma'adinai ba lasisi laifi ne ko da a gonarka ce. Duk takardar da suka miƙo maka, ko da sun ce ta shaidar halartar taro ce, ka karɓi kwafi ka kai wa lauya kafin ka ɗora alƙalami ko yatsa a kanta. Asalin takardar shaidar mallakarka kuma ta zauna a gida, kwafi kawai za ka riƙa fita da shi.